Hotuna Biyu na Gaɓar Gidanmu

Ni ban yi boko ba, amma na ga ranar da takarda ta tada Kaka tsaye.

Shekarun da anka samu mulkin kai, gidanmu na bakin gulbi a Argungu. Bayan isha'i Kaka Hawwa kan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ɗakin da marigayi mijinta ya gina, mu jikoki mu kewaye ta, ta ba mu tatsuniya.

Ran nan Kawu Sani ya zo, ɗanta mai koyarwa a Birnin Kebbi. Ya ce littafin makaranta labarin duwatsun ƙanƙara na wasu ƙasashe gare shi, yara sai gyangyaɗi. Shi ya sa ya kawo mai hoto ya ɗauki gaɓarmu sau biyu, damina uku tsakani, don yara su ga yadda ruwa ke cin ƙasa. Ya miƙa ma Kaka hotunan. A na farko akwai kuka da fili tsakanin ɗakinta da ruwa. A na biyu babu kukar.

"Inna, ki bar ɗakin ga kafin damina."

"Malamin yara, yau ni za ka koya ma gulbi?"

Ta juya gare mu: "To, ga wata ta taho, ku tarbe ta." Wai Gulbi ya je wurin Tudu, ya ce, "Maƙwabci, ara mini taki ɗaya in miƙe ƙafa." Tudu ya ba shi. Baɗi ya dawo, taki ɗaya. Kullum ƙarshenta Tudu na zaune daram, Gulbi ya gaji ya koma. Amma ran nan da ta kai taki na uku, sai ta yanke tatsuniyar. Ta tashi, ta zauna, ta tsokani wuta, ta sake tashi ta leƙa bayan ɗaki.

Na ce, "Kaka, sai mi ya faru?"

"Kawo takardun nan, ɗiyata."

Ta kara su ga hasken wuta, ta daɗe tana dubawa. Da safe ita da kanta ta fara fitar da ƙorenta. Damina ba ta raba ba ruwa ya ɗauke ɗakin.

Na daɗe ina zaton hoto ne ya sanar da ita. Sai da na tsufa, nawa ɗiyan sunka fara ce mini in bar wancan, in bar wannan, na gane. Kaka ta riga kowa sani. Kunya take ji ta zama ita ta fara cewa a bar ginin mijinta.