Mainasara da Tsakuwan Inuwar Tanki

Mainasara taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. A Horo Birni aka haife shi. Ya yi kiwo, ya yi noman gero, da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya dawo Boɗinga ya kama gadi. Mutum ne mai sanyin jiki, ka gaishe shi da safe amsar ta iso ka da hantsi. Ni kuwa Hussaina, mai tuwo a bakin tasha, Allah bai yi ni da irin wannan haƙuri ba.

Gidan da yake gadi na ƙungiyar manoman albasa ne. Rufinsa duk farantan sola ne, ɗaki guda na batura, ɗaki guda kuma na wasu na'urori a cikin akwatin ƙarfe mai tsawon mutum. Manomi zai ɗauki hoton ganyen da ya lalace da wayarsa ya aiko, na'urar ta duba ta faɗa masa cutar da Hausa. Ƙirƙirarriyar basira suke ce mata. Ni dai ba ruwana da basirarta. Abin da ya haɗa ni da gidan shi ne famfo, domin wutar solar nan ce take ɗaga ruwan rijiyar burtsatse zuwa tanki, mu kuma 'yan unguwa mu ɗiba bayan sallar asuba. Kafin famfon nan, sai an je rijiyar bayan makabarta, kuma wanda ya san nisanta ya san abin da nake nufi.

Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu labarin na'ura ya kai Shagari, ya kai Kajiji, kowa da hoton ganyensa, har da masu turo hoton akuya. Yawan tambaya, yawan cin wuta. Ga zafi, dole a kunna mata abin sanyaya ɗaki, ita da ba ta gumi. Sau biyu batir ya ƙare da sassafe, na'urar ta mutu, manoma suka yi ta kira suna faɗa.

Injiniyar da ke kula da ita, Rashida, daga Sakkwato take zuwa duk Litinin. Yarinya ce mai ladabi, amma in ta yanke magana ta yanke. Ta tara mu ta ce a manyan birane akwai gidaje cike da irin waɗannan na'urori, masu cin wutar da za ta ishi gari guda, kuma can ma kullum ido yana kan mita. Ta ce nan wutar ba ta isar na'ura da famfo tare, kuma don na'ura aka kafa solar. Ƙarshen wata za a sa wa makunnin famfo kwaɗo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa mata maganganun da daga baya na ji kunyarsu.

Washegari na ga Mainasara da tsakuwa cike da aljihu. Benci yake zama a gindin tagar ɗakin na'ura, inda yake jin fankarta. In tambayoyi suka yi yawa fankar takan ɗauki gurnani, in sun lafa ta yi shiru. Duk lokacin da ta yi gurnani sai ya tashi, ya je inda kan inuwar ƙarfen tanki ya faɗi a tsakar gida, ya ajiye tsakuwa ɗaya. Na ce masa tsufa ya zo da wasan ƙasa ke nan, ko in kawo masa gwangwani ya dafa mana tuwon yashi. Ya ce in dai kula kar in taka.

Mako uku yana wannan abu. Litinin ta ƙarshe kafin a sa kwaɗo, ya tare Rashida a bakin ƙofa ya nuna mata ƙasa. Tsakuwa sun taru tuli a gefen da inuwa take faɗawa da safe, sun taru tuli a gefen la'asar, tsakiya kuwa fayau.

"Ɗiyata, wanga wuri da babu komi, lokacin manomi shina cikin aiki, hannu duk laka, ba shi taɓa waya. Kuma lokacin rana tah hi ƙarhi. A ba mu ruwanmu nan."

Rashida ta tsaya tana kallon ƙasa. Ashe ita jimillar wutar yini guda take dubawa a kwamfutarta. Ta buɗe ta duba sa'a bayan sa'a, sai ga shi kamar yadda tsakuwa suka nuna: daga hantsi zuwa azahar batir a cike yake, rana tana zuba a banza. Mu kuma da asuba muke kunna famfo, lokacin da batir ya kwana yana aiki. Ta ce za ta gwada shi wata uku. Makullin kwaɗon a hannun Mainasara, famfo da tsakar rana kawai, kuma sai lambar da ke fuskar batir ta haura tamanin. In na'ura ta mutu sau ɗaya saboda famfo, magana ta ƙare.

Haka muka koma ɗibar ruwa rana tsaka. Mun yi mita, ni ce kan gaba, amma ruwa na zuwa. Mainasara ya kafa mana rumfar zana kusa da famfo, wurin ya zama majalisa. Har ƙiba ya yi, don kowace in ta zo sai ta riƙo masa ɗan abin taɓawa.

Ana saura mako biyu wa'adin ya cika, damina ta kankama. Gajimare ya rufe sama kwana biyu, ba rana, ba kuma ruwan kirki, sai yayyafin da ba ya cika kofi. Rana ta biyu tanki ya bushe. Ni ce ta farko a layi da jarkoki huɗu, ga masu cin tuwo za su fara zuwa bayan azahar. Lambar batir tana kan saba'in da shida. Na ce wa Mainasara huɗu ne kawai suka rage, wa zai sani, Rashida tana Sakkwato. Na yi lallashi, na yi gori, na tuna masa ni na yi masa jinya lokacin gwiwa.

"Hussaina, in na kunna miki yau, na kashe ma unguwa duka," in ji shi. Ya mayar da makullin aljihu.

Na kwashi jarkokina na tafi ina zage-zage, sauran mata suka watse. Ina hura wuta, ban ma san da me zan dama ba, sai ga shi da kurar ruwa ta aro, jarkoki shida, daga rijiyar bayan makabarta. Da wannan gwiwar tasa ya turo ta, rigarsa sharkaf. Na karɓi ruwan na ɗora tukunya. Na ce ya zauna, na zuba masa tuwo da nama biyu.

Ranar Litinin Rashida ta duba kwamfutarta ta ga na'ura ba ta ko ƙifta ba a kwanakin gajimaren. Ba ta jira cikar wata ukun ba. Ta zare kwaɗon daga jikin makunni gaba ɗaya, ta ce wurin da Baba Mainasara yake zaune ba ya buƙatarsa. Matan da ke rumfa suka hau yi masa addu'a, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza gwiwa. Ya ɗaga ido ya duba lambar batir, tamanin da uku, ya ce mini in matso da jarkata.