Inbata a Ƙarƙashin Kujerar Mota

Maigidana ya haura arba'in, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma a kan gem ɗin ƙwallon ƙafa da ake bugawa a talabijin zai iya mantawa da abincin rana. Ban taɓa hana shi ba. Abin da ya haɗa mu shi ne ranar da ya ce zai mai da gem ɗin cikin mota.

Hujjarsa wai ni ce. In ya kai ni biki ko suna na ce minti goma, sai in yi awa uku, shi kuma yana zaune a waje yana kallon awaki. Wannan kam gaskiya ya faɗa. Sai na ce ya yi duk abin da zai yi, amma ya bari sai bayan Litinin. Ranar nan zan rubuta jarrabawar ƙarin girma a garin Lafiya da ƙarfe tara, abin da na shekara huɗu ina jira a aikin koyarwa, kuma shi zai kai ni.

"Haba Malama, aikin minti ashirin ne fa," in ji shi.

Ranar Asabar ya dawo da inbata, wani ɗan akwatin ƙarfe mai juya wutar batir ta koma irin ta gida. Maimakon ya je wurin masu wayarin mota, sai ya kira maƙwabcinmu, mai wayarin gidaje. Suka soka abin a ramin kunna sigari, suka jona gem da ɗan talabijin. Fis ya ƙone. Suka sa wani, shi ma ya ƙone.

"Oga, wannan fis ɗin ne yake damun mu," in ji maƙwabcin. "Mu ja waya dairek daga batir, no wahala."

Ina tsaye da takardun karatuna a hannu na tambaya, shin ba don kariya aka sa fis ɗin ba? Suka dube ni tare, suka yi murmushi, suka ci gaba. Suka ja jar waya mai kauri daga bonet, ta bi ta gefen ƙofa, ta shige ƙarƙashin kujerata. Da hoto ya fito sai suka tafa kamar an ce musu an yi haihuwa.

Ranar Lahadi manyan mutanen nan biyu suka wuni a kujerar baya a gindin mangwaro, ƙofofi a buɗe, suna ihun "Gol!" Inji kuma a kashe, don kada fetur ya tafi a banza. Sau biyu na leƙo na ce a tayar da motar. Aka ce mini batirin sabo ne.

Litinin bayan sallar asuba na fito cikin shirina. Maigida ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ko ƙyas ɗin ma babu. Ashe bayan wunin da suka yi, inbatar ma a kunne ta kwana.

Masu dawowa daga masallaci suka taru, kowa ya zama makanike. Aka ce a tura. Na ce motar otomatik ce, turi ba ya tayar da ita. Suka tura ta duk da haka, har ƙarshen layi, suka bar ta a bakin kwata. Sai aka koma neman aron batir. To a unguwarmu duk mai mota Abuja yake aiki, kuma tun kafin gari ya waye suke kama hanya don gudun cunkoson Mararaba. Ko mota ɗaya ba ta rage a layin ba. Maƙwabcin da ya ja wayar kuwa sai ya leƙo da buroshi a baki ya ce, "Madam, sori fa."

Raina ya ɓaci. Na hau acaɓa zuwa tasha. Motar Lafiya saura mutum uku ta cika, kuma mutum ukun nan sai da suka ci mini kusan awa guda. A Akwanga direba ya tsaya sauke buhunan wata mata. Ina duba agogo, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Goma saura kwata na isa. An rufe ƙofar zauren. Ta taga ina hango abokan aikina sun duƙufa suna rubutu. Na yi ta roƙon jami'in da ke bakin ƙofa. Ya saurare ni da mutunci, ya ce ba shi da iko, sai dai in jira zagaye na gaba.

Na samu dakali na zauna. Ban yi niyyar kuka a gaban mutane ba, amma na yi. Ina cikin share fuska waya ta yi ƙara. Maigida ne, muryarsa cike da murna.

"Malama, albishirinki! Mota ta tashi. Kuma maƙwabcinmu mai wayarin ya ce ƙaramin abu ne, fis da makunni kawai za a ƙara. Kin shiga dai ko?"

Na ce, "Ban shiga ba."

Ta cikin wayar ina jin injin motar yana aiki lafiya lau.