Ƙwayar tsargiya da aka hana ni a bakin makaranta

Assalamu alaikum. Wannan maganar ban taɓa yin ta a gaban jama'a ba, iyalina ma ba su san ta duka ba. Ciwon mafitsara ba abin hira ba ne. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ɗiyata tana rubutawa, kuma na ce kada ta gyara min komai.

Abin da ya sa na buɗe baki, na ji wasu na cewa a hana yara shan ƙwayar da ake ba su a makaranta. To ku saurara.

Lokacin naira ta fara shigowa, mutane suna nan suna lissafi da sulalla. Ina saurayi a ƙauyenmu, gefen Sule Tankarkar, ina kai gero kasuwar Maigatari a kan jaki. Tun muna ƙanana da aka zo ɗaukar yara makaranta, Baba ya ɓoye ni a rumbu ya miƙa ƙanena Sale. Ni aka bar wa gona. Ba wanda ya tambaye ni.

Da damina ni da Sale ba ma fita daga kududdufin bayan gari.

Wata rana na ga jini a ƙarshen fitsarina. Na gaya wa kawuna, ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Ka zama namiji ke nan. Wa ya girma a garin nan bai yi jan fitsari ba? Sai a fara nema maka mata."

Haka aka ɗauki tsargiya a wurinmu, alamar balaga.

Shekara ta zagayo jinin bai tsaya ba. Zafi kamar an zuba barkono. Idona ya yi fari fat, in na ɗora buhu a jaki sai na zauna na huta. An jiƙa min sassaƙe iri-iri, na sha har na gaji. Sale ma ya fara, amma nasa da sauƙi.

Sai aka turo malamin asibiti makarantar su Sale, a kan babur, da sikeli da gwangwanin ƙwayoyi. Kowane yaro ya hau sikeli, a ba shi daidai nauyinsa, ya haɗiye a gaban malamai. Kullum da safe, kwanaki a jere.

Na je na tsaya bakin darnin makarantar. Malamin asibitin ya ga idona, har ya yafito ni. Hedimasta ya tare hanya.

"Kai ɗan aji nawa ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ciwona ɗaya da na Sale."

"Wannan maganin 'yan makaranta ne. Ba kai ne na cikin rumbu ba? Je ka rumbun ya ba ka magani."

Yara suka kwashe da dariya. Na juya na tafi.

A gidanmu ko ƙuli-ƙuli ɗaya aka samu rabawa ake yi. Inna ta kira Sale ta ce, "Ka sha kai kaɗai yayanka na kwance? Ba a gidan nan ba." Daga ranar, in an ba shi biyu sai ya haɗiye ɗaya, ya maƙale ɗayar a tsakanin yatsu, ya tura ta cikin hula. Ya dawo ya ce, "Yaya, ga rabonka."

Abin da aka auna wa ƙaramin yaro, shi muka raba biyu. 'Yan ajinsu suka warke. Ni da shi babu wanda ya warke.

Bayan kaka fitsarin ya tsaya min cak. Mara ta kumbura, ina ji kamar za ta fashe, ɗigo ɗaya ya ƙi fita. Aka ɗora ni a jakin nawa zuwa bakin hanya, muka sami motar hatsi zuwa Gumel.

A asibiti aka sa min roba. Wannan ba zan yi bayaninsa ba. Abin da ya fito gudajin jini ne.

Suka ɗebi fitsarin a kwalba suka duba da madubin likita, aka ce ƙwan tsutsa ne cike a mafitsara, kuma jinina ya yi ƙasa. Baba ya ba likitan labarin rabon ƙwaya, yana jiran a yaba wa Sale. Likitan ya ce, "Malam, magani ba tuwo ba ne. Ku je ku kawo ƙaramin ma."

Aka kwantar da ni. Da safe a sa min gilashin auna zafi a baki, a ba ni ƙwaya, in yi ta amai, a sake ba ni. Wanda ke gadon kusa da ni muka yi hira da hantsi, kafin la'asar an lulluɓe shi. Ranar na tambayi Baba ko ni ma tafiya zan yi. Ya ce in yi shiru in sha kununa.

Jakin aka sayar aka yi hidima. Kawuna, mai cewa na zama namiji, ko leƙe bai zo ba.

Ranar da fitsarina ya fito fari tas, na kira Baba na nuna masa kwalbar. Ya ɗaga ta ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhamdu lillahi. Sai ka tashi, gona na jira."

Na warke, Sale ya warke. Na yi aure, Allah ya ba ni zuri'a.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan da ban san sunansa ba, da malamin asibitin da ya yafito ni, ko da bai iya komai ba. Sale kuwa ya san abin da ke tsakanina da shi.

Iyaye, jan fitsari ciwo ne, ku kai yaro asibiti. In an ba shi magani a makaranta, ya ci abinci ya shanye nasa duka, kada a raba, kada a ajiye wa wani. Masu rabawa kuma ku riƙa ɗaga kai kuna duba bayan darni, akwai yara a can.

Hedimastan ya daɗe da rasuwa. Liman ya ce in yafe masa. Na ce zan duba.