Takardar Haihuwar Ƙanena

A zamanin shugaban ƙasa na farko, ina da shekara goma sha tara, mai horar da 'yan wasan wata ƙungiyar ƙwallo ya zo unguwarmu Briqueterie yana neman yara 'yan ƙasa da shekara sha shida. Ni gajere ne, ba ni da gemu. Na buɗe akwatin Baba na ɗauki takardar haihuwar ƙanena mai shekara sha huɗu, aka yi mini kati da sunansa da hotona, na mayar da takardar. A filin wasa da laƙabi ake kirana, don haka gida ba su sani ba.

Kafin shekara ta zagayo aka sa ni a wasan manya. A kasuwar Mokolo ana nuna ni, wai ƙungiyar ba ta taɓa yin ɗan wasa ƙarami kamata ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ƙanena kuwa ya fi ni iya ƙwallo nesa ba kusa ba. Da ya kai sha shida ya zo gwaji a ƙungiyarmu, ya ci ƙwallo biyu. Magatakardan ƙungiyar ya duba takardarsa, ya kira ni.

"Wannan ya zo da sunanka. Ka san shi?"

Na ce, "Ɗan unguwarmu ne kawai."

Aka kore shi, wai ɗan damfara ne. Bai tona ni ba, bai kuma sake taka ƙwallo ba.

Yau tela ne. In na gaishe shi ba ya ɗago kai daga keke, sai ya ce, "Sannu, ƙaramin ɗan wasa." Tun daga ranar da aka kore shi bai ƙara ce mini Yaya ba.