Jinin Mma Adiza Ya Yi Yawa

Shekara ashirin da shida Mma Adiza tana sayar da wake da shinkafa a bakin titin unguwar Maamobi, kuma duk shekarun nan magana ɗaya take ji a asibiti: ba ki da jini. Haihuwa biyar, ba ki da jini. Zazzaɓi, ba ki da jini. Ta sha maganin ƙarin jini kwalba-kwalba, ta ci miyar ganye har ta gundure ta.

Bara wani ƙullutu ya fito mata a nonon hagu, ƙanwarta Rahinatu ta ja ta asibiti. Aka ɗebi jini. Likita ya kafa ido a takarda yana zuba Turanci, ita kuwa Turancinta na ciniki ne. Rahinatu ta tsinci abin da ta iya tsinta.

"Yaya, ya ce jininki ya yi yawa. Wai ki dawo bayan sati biyu."

"Ya yi yawa? Ni? Alhamdu lillahi!"

Ranar duk wanda ya sayi abinci sai da ta ƙara masa taliya. Komawa kuwa, me mai jini da yawa za ta je yi a layin asibiti, ta bar tukunya tana hucewa? Ƙullutun ma ba ya ciwo. Ta shafa masa man kaɗe ta ci gaba da harkarta.

Minti biyu fa! Minti biyu ya isa a leƙa waje a kira mai jin Hausa, a garin da ko direban trotro, motar haya, yana zagi da ita. Ba wanda ya kira.

Wata bakwai suka wuce. Baya ya riƙe ta, tukunyar da take saukewa ita kaɗai ta koma sai da mutum biyu. Da suka koma, bayan an yi hoto, suka dace da wata nas, Basma, 'yar unguwar Nima mai jin Hausa. Ta karanta tsohuwar takardar ta dubi Adiza.

"Mma, ba jinin gaba ɗaya yake nufi ba. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a ciki, su ke toshe wuri in wuƙa ta yanke ki. Su suka yi yawa. Wani lokaci cutar kansa, wato ciwon daji, ce ke sa su yawa, shi ya sa ya ce ki dawo."

"Masu toshe ciwo ai na kirki ne."

"Na kirki ne, amma ba su da wayo. In ɓarɓashin kansa ya faɗa cikin jini sai su lulluɓe shi, kamar matan gida sun rufe ɓarawo da mayafi. Masu gadin jiki su wuce ba su gan shi ba, har ya sami inda zai sauka."

Adiza ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Wato jinina ne ya yi masa rakiya. Ya sauke shi a ina?"

"Ƙashin baya, Mma. Akwai magani na rage ciwo da ja masa birki. Cirewa kam, lokacin ya wuce."

Rahinatu ta fashe da kuka. "Ni na kashe ki, Yaya, da bakina!"

"Ke rufe min baki, malamar Turanci. Abin da kika ji kika faɗa." Adiza ta dafa bango ta miƙe a hankali. "Je ki tare mana kujerar gaba a trotro. Bayan nan ba zai iya ramukan hanya ba."