Kwamfutar Baban Brian da Kaset Arba'in da Ɗaya

Duk wanda ya zauna a layinmu na Samaru ya san Othniel Sati, ko da bai riƙe sunan ba. Ka ce Baban Brian, za a nuna maka gidan. Ka ce mutumin nan mai sukudireba a aljihun gaba, mai shayi ma zai bar tukunyarsa ya raka ka. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ta raba mu, ban taɓa ganinsa ba tare da sukudireban nan ba, har ranar ɗaurin auren 'yarsa.

Ɗan mai bishara ne daga wani ƙauye ta wajen Giwa. Ya zo Samaru yana saurayi, ya yi shekara talatin a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a yana gyaran na'urorin da masu digiri suka lalata. Da ya yi ritaya muka ce to, Maman Brian za ta huta da warin dalma. Ashe sauran aikin gida ya kwaso. Bai bar rediyo ko fanka a layin nan da bai buɗe cikinsu ba, masu ciwo da masu lafiya.

Abin da ya ci masa rai a shekarun nan shi ne kaset. Tun yana sabon ma'aikaci yake ɗaukar waƙoƙin Zumuntar Mata na cocinsu da wata tsohuwar rakoda, har suka kai arba'in da ɗaya. A ciki akwai muryar mahaifiyarsa, da ta mata da yawa da yanzu sai dai a nuna kabarinsu. Kaset kuwa ya tsufa. Da ya zauna juye su cikin kwamfuta, wasu sau ɗaya suka yarda suka juya, zaren ya tsinke ko ya narke a kan na'urar. Abin da ya shiga kwamfuta ya shiga, wanda ke cikin kwali ya zama shara.

Kwamfutar ma shi ya haɗa abarsa. Ba irin manyan nan masu kama da akwatin lefe ba, 'yar ƙarama ce, ba ta fi burodin iyali ba, domin yana so ya ɗaura ta a bayan babur ya kai ƙauye. Kayan cikinta duk a Sabon Gari ya saya, wajen Amaechi, wani Inyamuri haifaffen Jushi wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da nawa. Ina wurin ranar da suka zaɓi fawa-fak, wato ɗan akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa kayan ciki. Irin ƙaramin da zai shiga cikin burodin Othniel ba a samunsa a Zariya, sai da Amaechi ya sa aka kawo guda biyu daga Legas.

Su masu wannan sana'a suna da awonsu. Ba su yarda da rubutun da ke jikin kaya ba, sun ce takarda ba ta gardama da mai bugawa. Hannu suke bai wa aiki. Fawa-fak na gaske cike yake da tagulla da ƙarfe, don haka yana da nauyi. Na jabu kuwa kamar gwangwanin da aka shanye. Amaechi ya ɗora ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya jinjina, ya miƙa wa Othniel. Shi ma ya jinjina. Suka dubi juna suka gyaɗa kai kamar masu taya ragon layya.

"Baba, ɗauki wannan," in ji Amaechi. "Ƙarfin wuta wat ɗari biyar aka rubuta, hannuna kuma ya sa hannu."

Wata bakwai tana aiki ba ko tari. Sai bikin cikar Zumuntar Mata shekara hamsin ya matso, shugabarsu ta roƙi Othniel ya haɗa waƙoƙin da tsofaffin hotuna a nuna a majigi ranar Lahadi. Don wannan aikin ya ƙara mata katin bidiyo, wanda ke shan wuta kamar raƙumi ya samu rijiya. Ranar Laraba ya sa ta haɗa bidiyon, ta kai rabi ta mutu. Ya ce wutar gari ce. Ya tada janareta, ta sake kaiwa rabi ta sake mutuwa. Ranar Alhamis da hantsi, a karo na uku, ta yi ƙara ɗas, wani siririn hayaƙi ya fito ta baya, daga nan ko fitilarta ba ta ƙara kamawa ba.

Maman Brian ce ta leƙo ta katanga. "Malam, zo ka ga abokinka. Ya zauna kamar an aiko masa da rasuwa."

Na same shi a kan tabarma, kwamfutar a gabansa, sukudireba a hannu amma bai taɓa ko noti ɗaya ba. Mutumin da ke buɗe fankar da ba ta yi masa laifi ba, yau ya kasa buɗe tasa.

"To buɗe mana," na ce.

"In faifan ajiyar waƙoƙin ya ƙone fa?"

"Sai ka ɗauko inda ka kwafe."

Maman Brian ta tafa hannu. "Faɗa masa mana, Injiniya! Tun Ista nake cewa ka kwafe, kana cewa gobe. Da fankar maƙwabta ce da tuni ka yi mata kwafi uku."

Ni mai surutu ne, kowa ya sani, amma ranar ban tsaya zolaya ba. Muryar uwar mutum ba abin wasa ba ce. Na ce ya tashi mu tafi Sabon Gari. Shi ya tuƙa, ni na rungume kwamfutar a baya cikin zanin Maman Brian, har wani ɗan acaba a Kwangila ya yi mana sannu da mai jiki.

A hanya na shirya faɗa. Na san halin kasuwa: kaya in ya bar shago ya zama maraya. Za a ce wutar gidanka ce, ko tsawa, ko kai ne ka taɓa. Na tanadi amsar kowanne, har da karin magana biyu.

Amaechi bai ba ni damar amfani da ko ɗaya ba. Ya shinshina bayan kwamfutar, ya ɓata fuska. "Baba, me ka ƙara mata?"

"Katin bidiyo."

"Ko da shi, ɗari biyar ya isa har ya yi saura. In dai ɗari biyar ɗin ne." Ya ciro fawa-fak ɗin, ya sake jinjina shi. "Ga nauyi kuwa."

"Buɗe shi," na ce, "mu ga abin da ya ci ya yi ƙiba."

Ya yanke takardar da aka manna a kan notin, ya ɗaga murfin. Kayan wutar da ke ciki ba su fi na cajar waya uku ba, sun yi baƙi ƙirin. A gefensu kuwa, an manne da gam, ga wani ɗan curin siminti kamar sabulun wanka, har an shafa masa baƙin fenti don mutunci.

Maƙwabcinsa Tosin mai gyaran waya ya leƙo, ya kwashe da dariya har da riƙe ƙofa. "Oga Amaechi, ashe bulo kake sayarwa ba mu sani ba? Ina da fili a Hanwa, a kawo mini tifa ɗaya!"

"Tosin, koma shagonka kafin in auna kanka, na san shi ma nauyin banza ne." Amma Amaechi bai yi dariya ba. Ya juyo wajen Othniel. "Baba, sun gano awonmu, suka yi mana maganinsa. Shekara goma sha takwas ina auna kaya da hannun nan. Ni na ce ka ɗauka, laifina ne. Amma bari mu duba abin da ya fi muhimmanci."

Ya zare faifan ajiyar a hankali, ya jona shi da kwamfutar shagonsa. Othniel ya juya baya yana kallon titi, wai yana duba babur. Na ga leɓensa yana motsi. Ni ma na yi tawa addu'ar a zuci, na ce ko ta wace ƙofa ta shiga, a dai karɓa. Allon ya yi jim, kamar ma'aikacin da aka tambaya fayil ranar Juma'a. Sai jerin sunaye ya sauko.

"Baba, kaset nawa ka ce?"

"Arba'in da ɗaya."

"Zo ka ƙirga 'ya'yanka."

Ya ƙirga da yatsa a kan gilashi, sau biyu. Sannan ya nemi benci ya zauna, ya cire hula ya share fuska da ita. Amaechi bai bar mu mun motsa ba sai da ya kwafe komai a wani faifan, ya damƙa mini. "Malam, kai za ka ajiye wannan a gidanka. Baba gwani ne, amma gwanin gobe ne."

Saura wuta. Ƙaramin fawa-fak na gaske sai an yi mako biyu kafin ya iso, Lahadi kuwa saura kwana uku. Amaechi ya kashe kwamfutar shagonsa, ya kwance nata, babba ne irin na da, ya buɗe shi a gabanmu don kowa ya ga cikinsa. Ba zai shiga burodin ba, sai aka ajiye shi a gefe, wayoyi suka bi ta murfi, kwamfutar ta zama kamar majinyacin da ake yi wa ƙarin ruwa. A haka ta haɗa bidiyon tun daga farko har ƙarshe ba ta ko yi atishawa ba. Katin bidiyon ma ya tsira.

Ranar Lahadi da yamma aka kafa majigi a harabar coci. Ni ba ɗan cocin ba ne, amma wanda ya yi goyo ai ba a hana shi kujera. Da waƙar farko ta tashi, wata siririyar murya ta riga sauran shiga da kamar taku ɗaya. Othniel ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa a layin gaba, Mama Edith, wadda sai an riƙe ta take tashi, ta buga sandarta a ƙasa.

"Saratu ce! Uwar Othniel ce! Shekara nawa muna ce mata ta jira ganga, ba ta taɓa jira ba!"

Matan suka fashe da dariya, wasu suna share ido da bakin gyale. Mama Edith ta ce a mayar da ita farko. Aka mayar, wannan karon duk suka shiga tare da Saratu, suka bar gangar a baya.