Fitilar da Aka Rufe da Addu'a

Gurbin Bore

Muna idar da sallar asuba na tayar da mota. Inna kuwa tun kafin kiran farko take zaune a zaure da ƙullin kayanta. Saƙo ne ya zo daga Shinkafi cewa yayarta, Yaya Asabe, za ta tafi aikin Hajji, kuma yau Lahadi bayan azahar motar maniyyata za ta tashi da su. Shekara da shekaru ba sa ga-maciji a kan gonar gado. Saƙon gajere ne: ta zo mu yafi juna, ban san ko zan dawo ba.

Motar 'yar Kwatano ce, ban daɗe da sayenta ba. Dillalin ya haɗo ni da wata sitika mai addu'ar hawa abin hawa, manne a gilashin agogon gudu. Inna ta fi son sitikar nan a kan motar kanta. Ni ma na yaba da tsoron Allahnsa. Lokacin Shari'a ta kankama a Zamfara, kowa ya zama ustazu, har dillalan mota.

Zurmi zuwa Dauran

A bakin Zurmi 'yan agaji suka tsayar da mu, suna duba motocin da ke gwamutsa maza da mata. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Malam, wagga hwa?"

Inna ta riga ni amsawa. "Ni na haihe shi, ɗana. Ko in gaya maka ranad da anka yi mashi kaciya?"

Ya ba mu hanya yana ɓoye dariya.

Mun wuce Zurmi da kaɗan mota ta fara shaƙewa. In na taka totur sai ta yi tari ta fizga, baƙin hayaƙi na bin mu. Dama tun da na saye ta take shan mai kamar an huda tanki, ina ta ɗora wa 'yan bumburutu laifi. A Dauran na tsaya na ƙara galan ɗin mai, na riƙo wani a but, na sayo wa Inna ƙosai, ko kallonsa ba ta yi ba. Na sa tsumma ina goge gilashin don in ga allurar mai, sai gefen sitikar ya ɗago. A ƙarƙashinta ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji, tana ci. Na kai hannu zan ɓalle, Inna ta buge min shi.

"Kak ka taɓa. Sunan Allah na."

Ƙaura Namoda

Da jan ciki muka shiga Ƙaura da hantsi. Na nufi garejin Mamman Rewaya, mai gyaran wayoyin mota, can wajen tashar jirgin ƙasa. Ya leƙa sau ɗaya ya girgiza kai.

"Alhaji, hitilag ga ta daɗe tana kiranka, baki anka toshe mata. Wasu baƙin tef suka sawa. Naka dillalin ya hi su wayo, ya san ba mai ɓalle addu'a."

Ya durƙusa ya gaida Inna, ya nemi izininta. Sai da ya wanke hannunsa da omo, sannan ya ɗaye sitikar a hankali ya miƙa mata da hannu biyu. Ta naɗe ta a bakin mayafi.

Ya laluba ƙarƙashin dashbod ya zaro wani soket, ya haɗa bakinsa biyu da guntun waya, ya murɗa makulli. Fitilar ta ƙifta sau ɗaya, ta huta, ta sake ƙiftawa sau ɗaya.

"Oksijin sansa na," in ji shi. "Hancin mota ke nan. Jikin salansa yake, shina sunsunar hayaƙi shi gaya ma ƙwaƙwalwar mota ta ƙara mai ko ta rage. Man nan namu ya kashe shi. Yanzu mai takai ta zubawa, hulogi duk sun yi baƙi. Ina iya wanke su ku tahi, amma ban lamunce ku wuce Moriki ba."

Ni dai na so a wanke mu kama hanya. Inna ta ce, "A gyara ta. Na gaji da ruhe abu."

Sai ga wata sabuwa. Mutum ɗaya ke da kayan a Ƙaura, Oga Emeka, kuma shagonsa a kulle, yana coci. Da aka fara Shari'a 'yan uwansa da yawa sun tattara sun koma gida, shi ya zauna. Mamman ya hau mashin ya tafi cocin. Na ce a raina banza ce, wa zai bar ibadarsa don motar wani? Ba a jima ba sai ga su goye da juna, Emeka cikin kwat ɗinsa na Lahadi, riƙe da sansa na hannu da aka ciro daga wata mota mai haɗari.

Ya rusuna ya ce, "Mama, ba za ki makara ba. Mamman ya faɗa mini komai."

Tsohon sansan ya kafe da tsatsa. Aka jira salansa ta huce, aka zuba masa man burki, Mamman ya kwanta a ƙasa yana kokawa da sufana. Ni ina kallon inuwa tana gajarta, Inna na jan carbi. Da sansan ya kwance, kansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Aka ɗaura sabon, aka wanke fulogi, aka cire kan batir na ɗan lokaci don ƙwaƙwalwar ta manta. Na tayar. Fitilar ta kawo, ta ɗauke, ba ta dawo ba. Ban taɓa murnar mutuwar fitila irin ta ranar ba.

Moriki zuwa Shinkafi

Mota ta miƙe sumul. Bayan Moriki garken shanu ya tare titi, makiyayin yana tafe abinsa, ni kamar in fita in ɗauke su ɗaya-ɗaya. Muna shiga Shinkafi ana fitowa daga sallar azahar. Gidan Yaya Asabe sai yara, suka ce an tafi sakatariyar ƙaramar hukuma, inda maniyyata za su tashi.

Muka tarar da bas ɗin cike, injinsa na aiki. Inna da kullum take kukan gwiwa, ranar na ga gudunta. Tana bin tagogi tana kiran "Yaya, Yaya," har wata tsohuwa ta miƙe a ciki ta ce a buɗe mata ƙofa. Direba na hon, ba wadda ta ji shi.

"Yaya, ki gahwarta mani."

"Na yahe, duniya da lahira. Ke ma ki yahe mani."

Suka riƙe juna suna kuka, ni ma na juya baya na share hawayena. Inna ta ba ta ƙullin kuka da daddawa, sannan ta kwance bakin mayafi ta manna sitikar a jikin jakar Yaya.

Komawa gida

A Shinkafi muka kwana, aka cika mu da tuwon shinkafa da miyar zogale. Washegari kafin la'asar muna Gurbin Bore lafiya, galan ɗin da na riƙo ko buɗe shi ban yi ba.

Bayan Babbar Sallah alhazai suka dawo, ban da Yaya Asabe. Allah ya yi mata rasuwa bayan an sauko daga Arfa, can aka binne ta. Jakarta aka kawo, sitikar na nan a jiki, da muka je ta'aziyya Inna ta ɗauko ta.

Na gode wa Allah da ya sa tsummana ya kama gefen takardar nan. Na gode wa Mamman da Emeka. Inna ta sa na kai wa kowannensu zabo, har yau tana sa su a addu'a. Ranar da zan kai, ta biyo ni har mota ta miƙo min sitikar.

"Ungo," ta ce. "Manna ta inda ba ta ruhe komi ba."